Shekarar da Malam Filibus Ya Bar Coci

Malam Filibus Kazah ya sauka a Agege a shekarar da aka sami 'yancin kai, da akwatin ƙarfe ɗaya da matarsa Tabita. Mutumin kudancin Zariya ne, daga wani ƙauye kusa da Kafanchan, amma aikin reluwe ya zaunar da shi a Zariya da Kano shekara goma sha biyu, har Hausa ta fi yaren gidansu zama a bakinsa. Akawun kaya ne a tashar jirgin ƙasa. Sun haifi 'ya'ya biyu tun suna Kano, duka biyun sun rasu suna ƙanana, daga nan haihuwa ta tsaya. Su biyu ne kawai a ciki da falo, a gidan hayar wani mai fataucin goro da ake kira Alhaji Mu'azu.

A lokacin babu inda ake sujada da Hausa a unguwar. Kiristocin arewa 'yan kaɗan ne, masu gadi da leburorin reluwe da 'yan sanda biyu ko uku. In Lahadi ta yi sai su shiga cocin Yarabawa su zauna a baya, ba abin da suke ganewa sai Amin. Malam Filibus ne ya tara su a falonsa. Mutum shida suka fara. Daga falo suka koma wani aji a makarantar firamare, daga aji suka kafa rumfar kwano a bayan layin dogo. Da yaƙin basasa ya ƙare sojoji suka cika gari, da yawansu 'yan Filato ne da Binuwai, suka kawo matansu da 'ya'yansu, rumfa ta yi kaɗan, aka soma ginin bulo.

Duk tsawon shekarun nan shi ne komai. Shi ke wa'azi, shi ke ɗaga waƙa, shi ke sasanta miji da mata, makulli kuma a aljihunsa yake zama. Bai je makarantar fasto ba, ba a kuma naɗa shi ba, saboda haka baftisma da Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake ba masu bi, sai an jira wani fasto ya zo daga nesa sau biyu ko uku a shekara. Wannan bai taɓa damunsa ba. In yana magana ba ya cewa cocinmu, cocina yake cewa, ba kuma wanda ya taɓa gyara masa.

A shekarar 1974, shekarar da ya yi ritaya, dattawan ikilisiya suka rubuta wa hedkwata a arewa cewa a aiko musu da fasto zaunanne. Sun gaya masa kafin su rubuta. Ya ce to, don ya ɗauka ba za a aiko ba.

Aka aiko. Sunansa Fasto Ayuba, ɗan shekara ashirin da tara, siriri, daga wajen Pankshin, da matarsa da jinjiri. Mutum ne mai sanyin hali, sai dai Hausarsa ba ta nuna ba, yakan mai da mace namiji, namiji mace. Lahadi ta uku da zuwansa, yana cikin wa'azi ya ce, “Sai Maryamu ya tashi ya tafi.”

“Ta tashi,” in ji Malam Filibus daga kujerar gaba, da muryar da ta kai har bakin ƙofa. “Ta tafi.”

Wasu matasa suka yi dariya. Fasto Ayuba ya ce, “Na gode, Baba,” ya gyara ya ci gaba. Daga ranar abin ya zama na kowane mako, har ya kai mutane sun fi jiran gyaran a kan wa'azin.

A watan Nuwamba aka yi bikin keɓe sabon gini. Magatakardan ikilisiya ya tashi ya karanta tarihi, ya ce 'yan'uwa shida ne suka fara wannan aiki, ya jera sunayensu. Sunan Malam Filibus ne na uku. An yi tafi, amma tafin na mutum shida ne. Abin da aka ba shi a tsarin ranar kuwa addu'ar rufewa ce kawai, bayan mawaƙa da zumuntar mata da baƙi duk sun gama, jama'a sun fara leƙen tukwanen shinkafa. Da aka kira sunansa sai ya miƙe, ya je gaban teburin, ya ciro makulli ya ajiye, ya bi ta tsakiyar mutane ya fita.

Tabita ta biyo shi gida tana haki, da ɗankwalin zumunta a kanta.

“Daga yau ba mu da coci sai ɗakin nan,” ya ce mata.

“Malam, ai sun ambace ka.”

“Na uku.”

“Ina ji haruffa suka bi. Barnaba, Dauda, sannan kai.”

“A falon wa aka fara? Wa ya je ya roƙi hedimasta ya ba mu aji? Ke ma kin zama tasu ke nan?”

Tabita ta cire ɗankwalin, ta ninke shi, ta sa a ƙasan akwati.

Kowace Lahadi yakan sa kwat ɗinsa, ya tsaya a bayan teburin cin abinci ya yi wa'azin awa guda, Tabita na zaune a gabansa. Ya yi tsammanin rabin coci za su biyo shi. Mutum huɗu suka zo makon farko, biyu a mako na biyu, daga nan ba kowa. Dattawa sun zo ba shi haƙuri sau uku, bai ko nuna musu kujera ba. Fasto Ayuba ya zo da kansa, Malam Filibus ya sa Tabita ta ce masa ba ya nan, alhali kuwa ana jin tarinsa daga ciki.

Sai ya koma rubuta wa hedkwata wasiƙu. Yana da kyan rubutu, yana kuma da lokaci. Ya rubuta cewa yaron da aka aiko bai iya Hausa ba, bai san Legas ba, bai san girman manya ba. Wasiƙar farko kaɗai aka amsa, layi huɗu, a yi haƙuri da juna. Bai daina ba.

Ba wani aiki yake yi ba, amma kullum a gajiye yake. Daga safe zuwa yamma yana gardama da dattawa a cikin kansa, ya faɗi nasa, ya faɗi nasu, ya ba su amsa, ya sake komawa farko. Ran Lahadi da safe yakan zauna a bakin taga yana lura da masu wucewa zuwa coci, wa ya gaishe shi, wa ya sunkuyar da kai. Abinci ya daina yi masa daɗi. Addu'a ma in ya fara, kafin ya kai tsakiya ta koma ƙara, yana ta gaya wa Allah abin da aka yi masa kamar Allah ba ya wurin. Tabita kuwa ta ci gaba da suyar ƙosanta a bakin titi. Ran Alhamis da la'asar, in iska ta kawo kiɗan tulun zumuntar mata, takan tsaya da abin da take yi har ya wuce.

Wata safiyar Talata a watan Yuni, ana yayyafi, yana kan wasiƙa ta tara. Tabita ta dawo daga suya ta tafi famfon tsakar gida wanke kasko. Ya ji wani abu ya faɗi, ya ɗauka kaskon ne. Sai ga muryar Kalsum, matar Alhaji Mu'azu.

“Malam, fito.”

“Ina zuwa.” Yana tsakiyar wata jimla da ya daɗe yana nema, a kan yadda ake mantawa da waɗanda suka sha wahalar aiki. Ya ci gaba da rubutu.

“Malam Filibus, ka fito mana.”

Sai da ya sa aya ya rufe alƙalami sannan ya fito. Ya tarar da Tabita kwance cikin ruwa, kanta a cinyar Kalsum, bakinta ya karkace, hannun dama yana lilo kamar ba nata ba. Idonta biyu, tana kallonsa. Alhaji Mu'azu ya sa aka sauke huhunan goron da aka fara lodawa a a-kori-kurarsa, aka shimfiɗa ta a baya, suka kama hanyar Ikeja. Cunkoson motoci ya riƙe su fiye da awa guda, ruwa na zuba, Kalsum na kare mata fuska da mayafi.

Mako uku ta yi a asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ba na yau ba ne. Aka sallame ta ɓarin dama a shanye, magana da ƙyar, kalma biyu ko uku sai ta huta.

Washegarin dawowarsu matan zumunta su biyar suka zo da kwanukan abinci da zannuwa wankakku. Malam Filibus ya tsaya a bakin ƙofa ya kama gefe da gefe.

“Matata ce,” ya ce. “Ban roƙi kowa ba.”

“Baba, ko gaisuwa ce mu yi mata,” in ji shugabarsu.

“Barci take.”

Ba barci take ba. Da ya koma ciki ya tarar ta juya fuskarta ga bango.

Shekararsa sittin da ɗaya, bai taɓa kunna risho ba. Kunun farko ya yi gudaji, na biyu ya kama. Wanki ya saluɓe masa yatsu. In zai ɗaga ta sai ƙugunsa ya riƙe, ya daɗe a sunkuye kafin ya miƙe. Abin da ya fi yi masa wuya shi ne fitar da fo, domin gidan mutum goma sha uku ne ke haya a cikinsa, bayan gida ɗaya ne a can ƙarshen tsakar gida. Yakan leƙa ta labule ya jira sai ba kowa sannan ya fita da sauri, wani lokaci jiran ya kai awa, ɗakin ya cika da wari, Tabita na kwance a ciki. Da rana yakan zauna a gefen gado da niyyar yi mata hira, sai hankalinsa ya tafi coci, ya dawo ya ga ta daɗe tana kallon kofin ruwa.

Kalsum kaɗai ce ba ta neman izini. Takan yi sallama ta shige kawai. Ran kwana na goma sha biyu ta shiga da farfesun kaza, jim kaɗan ta leƙo falo.

“Malam, zo ka gani.”

Ta juya Tabita a gefe ta ɗaga zane. A ƙasan bayanta fata ta yi ja, tsakiya ta ɗaye, faɗin tafin hannun jariri.

“Kwanciya ce,” in ji Kalsum. “Juya ta ake yi, safe da rana da yamma da tsakaninsu. Haka muka yi wa uwar Alhaji shekara biyu, mu huɗu, kuma mun ji jiki. Mutum ɗaya ba zai iya ba.”

“Zan iya.”

Ta rufe ta, ta fito falo, ta rage murya. “Ni ba addininku nake yi ba, ban san abin da ya haɗa ka da mutanenka ba. Amma matar nan ba ita ta yi faɗan ba. Tun bara take cewa kanta na sara, har jiri ya taɓa kayar da ita a gaban kasko. Ta ce ta gaya maka sau biyu.”

“Ban tuna ba.”

“Ka ce ta sha asfirin.”

Ta ɗauki kwanonta ta fita. Ya zauna yana ƙoƙarin tunawa. Ya tuna ranar, domin ranar ce amsar hedkwata ta zo. Fuskar Tabita ce ya kasa tunawa.

Lahadin da ta biyo baya ya sa kwat kamar yadda ya saba, ya tsaya a ƙafar gado. Karatun ranar ya faɗo a kan inda Ubangiji ya tuɓe rigarsa, ya yi ɗamara da mayafi, ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa. Ya yi wa'azi a kan wurin nan fiye da sau goma, ba ya ma bukatar duba takarda.

“Abu uku za mu koya a nan,” ya fara.

“Malam.”

“Na farko...”

“Malam. Zauna.”

“Ban gama ba.”

Ta ja numfashi. Kowace kalma sai ta yi kokawa da ita. “Na gaji. Kai ma... ka gaji.”

Ya tsaya da baki a buɗe. Shekara goma sha biyar ba wanda ya taɓa katse masa wa'azi.

“Ƙafata,” ta ce. “Ƙaiƙayi. Tun jiya.”

“Me ya hana ki faɗa?”

“Kana... tunani.”

Ya ajiye littafin, ya ɗaga zanen daga ƙafarta ta hagu. Kullum yana goge mata jiki, amma a gurguje, idonsa na wani wuri. Yau ne ya duba. Kaushi ya yi kauri, dunduniya ta tsage gida uku, farata sun yi tsawo har sun fara lanƙwasa. A ƙwaurinta tabon mai ne birjik, tsofaffi da sababbi, na shekara da shekaru a gaban kasko. Ya tuna lokacin da suke su shida. Shi ke wa'azi, amma ita ce ke bin su gida gida ran Asabar, har Ikeja a ƙasa, tana tuna musu. Ita ke tuƙa tuwon da ake ci bayan sujada. Da matar Barnaba ta mutu, ita ta riƙe masa 'ya'ya wata huɗu. A cikin wasiƙunsa tara babu inda sunanta ya fito. Magatakarda ma bai karanta shi ba ranar biki, ita kuwa ba ta ce komai ba, shi ma bai lura ba sai yanzu.

Ya cire kwat ya rataye. Ya ɗora ruwa a risho, ya surka, ya kawo roba ya ajiye. Ya zaunar da ita a bakin gado ya tokare ta da filo, ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya sosa mata inda take nufi, ya jiƙa ƙafafun, ya nemo dutsen goge kaushi a bayan ƙofa ya goge a hankali, ya yanke faratan da reza, ya shafe da man kaɗanya. Ƙafar dama nauyi gare ta, sanyi ƙalau, sai ya riƙe ta da hannu biyu.

“Ranar da kika faɗi,” ya ce, bai ɗaga kai ba, “Kalsum ta kira ni sau biyu. Na tsaya ƙarasa rubutu.”

“Na ji.”

“Kin ji?”

“Ina jin... komai.”

Ya daɗe a durƙushe, ruwan ya huce. Ya nemi abin da zai faɗa don ya rage wa kansa nauyi, bai samu ba. “Ki gafarta mini, Tabita.”

Ta ɗora hannunta mai lafiya a kan furfurarsa. “Tuni.” Ta huta, sannan ta ce, “Ina son Jibi.”

Ya san abin da wannan ke nufi. Mutum ɗaya ne a unguwar ke da ikon ba ta Jibin Ubangiji. Ran Litinin bai je ba, ya ce wanki ya yi yawa. Ran Talata ya kai har bakin layin dogo ya juyo. Ran Laraba da hantsi ya bar Kalsum a wurinta ya fita. A hanya ya shirya jawabi mai kyau, wanda ya raba laifin gida biyu.

An yi ruwa da asuba, lambatun gaban coci ya toshe, ruwa ya shiga har bakin ƙofa. Ya tarar da Fasto Ayuba shi kaɗai a ciki, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana kwasar laka da shebur. Ya rame, wuyan singiletinsa ya yi masa yawa. Da ya ga Malam Filibus sai ya tsaya, ya goge goshi da bayan hannu.

“Baba, sannu da zuwa. Yaya jikin Mama?”

“Da sauƙi,” ya ce, sannan ya girgiza kai. “A'a, ba sauƙi.” Jawabin ya ɓace masa gaba ɗaya. “Fasto, Tabita tana son Jibin Ubangiji. Ni ba ni da ikon ba ta.”

Bai taɓa kiransa Fasto a gaban idonsa ba sai ranar.

“Zan zo yau da la'asar.”

“Ba shi ke nan ba. Na wulaƙanta ka a gaban jama'a mako bayan mako. Na rubuta wasiƙa takwas a kanka, ta tara tana kan tebur. Na ce don aikin Allah nake yi. Don kaina nake yi. Ka yafe mini.”

Fasto Ayuba ya soka shebur a laka ya jingina da shi. “Na ga wasiƙun, Baba. Hedkwata suna turo mini. Ba zan ɓoye maka ba, na ji zafi. Har yanzu in na tsaya zan yi wa'azi, sai na duba kujerar nan tukuna, ko da ba kowa a kai. Matata ta yi kuka ta gaji.” Sannan ya ƙara da cewa, “Na yafe. Na riga na gaya wa Allah na yafe, amma yau ne na ji ya sauka. Sai dai na roƙi a canja mini wuri tun watan Afrilu, sun kuma amsa. Oktoba zan tafi.”

“In na rubuta musu na ce...”

“Baba, don Allah kada ka ƙara rubuta wasiƙa.”

Suka dubi juna, faston ya yi 'yar dariya ta gajiya, Malam Filibus ma bai san lokacin da ya taya shi ba. Ya ga bokitin laka ya cika, sai ya ɗauka ya kai bayan katanga ya zubar, ya dawo da shi.

Da la'asar Fasto Ayuba ya zo da dattijo ɗaya, ya ba Tabita Jibi. Rabin ruwan inabin ya zubo ta gefen bakinta, mijinta ya goge mata. Da faston ya juyo zai ba shi, Malam Filibus ya ce a'a tukuna, a gaban jama'a ya yi abin da ya yi, a gaban jama'a zai gyara.

Ran Lahadi ya shiga bayan an fara, ya zauna a bencin ƙarshe. Lokacin sanarwa ya ɗaga hannu. Magatakarda ya dubi fasto da tsoro, fasto ya gyaɗa kai. Bai je gaba ba, a inda yake ya miƙe.

“Na daɗe ina cewa cocina,” ya ce. “Ba nawa ba ne, na Ubangiji ne. Na raina bawansa, na raina dattawa, na kori 'yan'uwana mata daga ƙofata, na hana matata zumunci wata bakwai kafin ta kwanta. Ku gafarta mini. Kuma ina roƙon taimako, ba zan iya kula da ita ni kaɗai ba.”

Ya zauna. Ba a yi tafi ba. Wasu sun share hawaye, wasu sun taɓe baki, wani dattijo da ya taɓa bari a tsaye ya kau da kai, har aka tashi bai gaishe shi ba. Bai ga laifinsa ba. Washegari da safe matan zumunta biyu suka zo, ya ɗaga musu labule da kansa. Suka raba kwanaki a tsakaninsu. Suka koya masa yadda ake juya majinyaci ba tare da an karya ƙugu ba, da yadda ake dama kunu, suna yi suna yi masa dariya, ya bar su suka yi. Cikin mako uku gyambon bayan ya rufe. Ran Alhamis kuwa sai suka mai da taronsu tsakar gidan, da izinin Alhaji Mu'azu, aka fito da Tabita a kujera tana buga cinya da hannun hagu.

Aikin bai ragu sosai ba. Har yanzu yana gajiya, ƙugunsa na ciwo, hannun Tabita bai dawo ba, likita ma ya ce kada a sa rai. Amma gardamar nan da ke cikin kansa ta yi shiru, bai ma san ranar da ta tsaya ba. In ya durƙusa yin addu'a yakan kai ƙarshe, wani lokaci ma ba ya cewa komai, ya zauna kawai. Fo kuwa da rana tsaka yake fitar da shi, ya gaisa da na bakin famfo ya wuce.

Da Oktoba ta matso dattawa suka zo suka roƙe shi ya riƙe wa'azi kafin sabon fasto ya iso. Ya ji zuciyarsa ta yi tsalle, ya kuma gane tsallen, tsohon son girman nan ne. Ya ce musu su raba a tsakaninsu, akwai saje biyu da wani malamin makaranta da suka iya, shi yana da aiki a gida.

Ranar tafiyar Fasto Ayuba jama'a suka raka shi tasha. Kaya sun yi yawa, 'yan dako sun yi ƙaranci, Malam Filibus ya naɗe tsumma ya ɗora akwati ɗaya a ka. Wani tsohon abokin aikinsa ya hango shi daga tagar ofis.

“Oga Filibus, dako ka koma?”

“Na yau ne kawai,” ya ce.

Ya sa akwatin a ƙarƙashin kujera, ya yi musu addu'a gajera. Matar faston ta ce amin amma ba ta dube shi ba, tana ta gyara goyonta. Ya so ya ce mata wani abu, sai ya ga ba haƙƙinsa ba ne ya matsa mata, ya sauko. Fasto Ayuba ya miƙo hannu ta taga, suka riƙe juna har jirgi ya motsa.

A hanyar gida ya ratsa ta kasuwa ya sayi kuɓewa ɗanya da daddawa, don tun safe Tabita ta ce miyar kuɓewa take marmari. Matar da ke jiranta ta yi sallama ta tafi. Ya goga kuɓewar, ya kaɗa miya, ya tuƙa tuwon semo ɗan kaɗan, ya zauna a bakin gado yana ba ta loma loma. Ta ci uku, ta tsaya tana taunawa a hankali.

“Gishiri,” ta ce. “Ya yi kaɗan.”

Ya ajiye kwanon, ya tashi ya ɗauko.